Yadda na shawo kan ƙaiƙayin karen gadinmu

Alhamdulillah, karen ya daina susa, godiya ga likitan dabbobin da ya duba shi. Da farko gashin gefen kunnuwansa da gwiwar ƙafafun gaba ne ya fara zubewa, fatar ta yi ɓawo, dare da rana susa kawai yake yi har da jini. Mun ɗauka ƙuma ce aka yi masa wankan magani, shiru, wani ya ce makero ne, wani kuma ya ce a shafa baƙin mai, wannan kam ban yarda ba don guba ne idan ya lasa.

Likita ya murza gefen kunnensa, nan take ƙafar baya ta kama susa da kanta, ya ce alamar kazuwa ce. Sai ya kankari fatar da reza a wurare daban-daban har jini ya ɗan tsattsafo, ya duba a madubin likita, ga ƙwaron da ke kawo kazuwa, wato Sarcoptes, nan da ƙwansa.

Aka auna nauyinsa, aka yi masa allurar ivermectin a ƙarƙashin fata, 0.3mg kowane kilo, duk bayan sati biyu har sau uku. Ɗayan karen ma aka yi masa, muka ƙone buhunan da suke kwanciya a kai. Gashi har ya fara tsirowa a kunnen.