Yadda ɗalibai za su shirya fafutukar kare dajin karibu a Kanada

Ƙungiyoyin ɗalibai da dama a jami'o'in Kanada suna fara fafutukar kare karibu ne da buga riguna da rubuta kwalaye. Su yi wata guda suna tara sa hannu a ƙofar ɗakin karatu, sai daga baya su ji cewa tuni aka rufe karɓar ra'ayin jama'a kan aikin da suke adawa da shi. Ƙwazo yana nan, amma an zuba shi inda ba zai yi aiki ba. Karibu dangin barewa ce ta ƙasashen sanyi, mace da namiji duk suna da ƙaho. Irin da ke zaune cikin dazuzzukan arewacin Kanada ya shiga jerin dabbobin da ke fuskantar barazana tun 2003, ƙarƙashin dokar tarayya ta 2002 ta kare halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa, wadda ake kira SARA. Wannan bayani na ɗaliban da ke can ne, har da namu da suka je karatu, masu son a ga tasirin wahalarsu a takardar izinin da hukuma za ta fitar.

Da farko ku zaɓi garke ɗaya da aiki ɗaya. "A ceci karibu" ba buƙata ba ce da wani jami'i zai iya sa wa hannu. Tsarin farfaɗo da karibun daji da gwamnatin tarayya ta fitar a 2012 ya raba mazauninsu zuwa yankuna 51, kowanne da iyakarsa da garkensa. Ku ɗauki wanda ya fi kusa da makarantarku, ku nemo aikin da ke jiran izini a cikinsa: hanyar ma'adinai, bututun mai, ko shirin sare katako. Kuma ku kula da hoton da za ku sa. Hoton dubban dabbobi suna ƙetare kogi na garkunan can arewa ne masu ƙaura, irin garken Porcupine da ke haihuwa a gaɓar tekun Alaska. Karibun daji suna yawo ne 'yan kaɗan-kaɗan cikin dausayi da tsofaffin bishiyoyi. Masanin dabbobi na kamfani zai gane hoton da kallo ɗaya, daga nan ba zai ƙara ɗaukar sauran maganarku da nauyi ba.

Na biyu, kowa a ƙungiyar ya iya bayyana abin da ke kashe dabbar, da bakinsa, cikin minti ɗaya. Ba katafila ce ke take su ba, kuma galibi ba yunwa ba ce. Idan aka sare tsohon daji, sabon tsiro yakan fito, shi kuma yana jawo mus, wata ƙatuwar dabba dangin barewa, da barewa mai farar wutsiya. Yawansu yana ciyar da kyarketai su ƙaru. Hanyoyi da layukan da masu neman mai suka tsaga cikin daji, waɗanda suka cika arewacin Alberta, suna ba kyarkeci damar tafiya da sauri har tsakiyar dausayin da karibu ke fakewa. Macen karibu ɗa ɗaya take haifa a shekara, wajen Mayu zuwa Yuni, don haka garke ba ya iya maida asara da wuri. Masana na tarayya sun ƙiyasta cewa sai kusan 'ya'ya 29 sun tsira cikin kowace mace 100 kafin garke ya tsaya da ƙafarsa. Gansakukar da suke ci da hunturu kuwa sai daji ya yi shekaru gommai kafin ta dawo. Wanda bai riƙe wannan ba, da zarar an ce masa "za mu sake dasa bishiyoyi" sai ya rasa amsa.

Taswira

A nan ne aiki yake, a nan ne kuma ake yawan faɗuwa. Tsarin 2012 ya ce kowane yanki ya kasance aƙalla kashi 65 cikin 100 bai taɓu ba, wato taɓin kada ya wuce kashi 35. Ko a hakan, damar garken ya ɗore da kansa kashi 60 ce kawai. Wannan lamba ita ce makaminku, domin gwamnati ce ta rubuta ta da hannunta. Abin da za ku nuna shi ne kashi nawa ya riga ya taɓu a yankinku, kuma nawa sabon aikin zai ƙara.

Ku sauke QGIS, manhajar zana taswira. Kyauta ce, kuma ta ishe ku. Kada ku kashe kuɗin ƙungiya a kan manhaja mai lasisi, sai dai in makaranta ta riga ta biya. Bayanai uku kuke buƙata: iyakar yankin garken, taswirar ayyukan ɗan Adam a ciki, da tarihin gobarar daji. Na farko da na biyu suna shafin buɗaɗɗun bayanai na gwamnatin Kanada, na uku yana rumbun bayanan gobara na hukumar gandun daji ta tarayya.

Kafin ku taɓa komai, ku mayar da dukkan bayanan kan ma'auni ɗaya mai ƙirga mita. Fayiloli da yawa suna zuwa ne da digiri. In kuka rubuta 500 a kansu, manhajar za ta ɗauka digiri 500 kuke nufi, ta zana abin da ya rufe duniya, ko kwamfutar ta tsaya cak. A British Columbia, ma'aunin da ake kira EPSG:3005 ake amfani da shi, kuma ya dace da auna faɗin ƙasa. Sauran larduna ma kowanne yana da nasa.

Daga nan ku zana ratar mita 500 kewaye da kowane aikin ɗan Adam: hanya, layin binciken mai, rijiya, wurin da aka sare. Umarnin Buffer ne ke yin wannan. Gobara kuwa ba a yi mata rata, kuma wadda ta faru cikin shekaru 40 da suka wuce kaɗai ake ƙirgawa. Sai ku haɗe duka su zama shimfiɗa ɗaya da umarnin Dissolve, ku yanke abin da ya fita iyakar yankin, ku raba faɗin da ya taɓu da faɗin yankin duka. Tsallake haɗewar nan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa. Inda layuka biyu suka yi kusa, ratarsu tana hawa kan juna, ga gobara kuma a kansu, sai wuri ɗaya ya shiga lissafi sau uku. Akan samu ɗalibai su fito da kashi 140 cikin 100, ko mafi muni, kashi 80 da ya yi kama da gaskiya alhali ba gaskiya ba ne. Na farkon kowa zai gane. Na biyun sai a zauren sauraron ra'ayi za a tona shi, a gaban jama'a.

Akwai wani tarko da ko malamai ba duka suke faɗa ba. Ma'aunin kashi 35 an gina shi ne a kan taswirar da aka zana daga hotunan tauraron Landsat, inda kowane ɗigo mita 30 ne. Bayanan larduna, kamar na cibiyar ABMI a Alberta, sun fi haka kaifi, suna ganin ƙananan layukan da Landsat ba ya gani. In kun yi lissafi da su lambarku za ta fi girma, kuma ba daidai ba ne ku gwada ta kai tsaye da kashi 35. Ku yi lissafin sau biyu, ku nuna duka biyun, ku rubuta wanne ya fito daga ina. Haka kuma ma'aunin ba ɗaya ba ne ko'ina: garkunan tsaunukan kudancin British Columbia suna da nasu tsarin na 2014, arewacin Saskatchewan ma an ba shi nasa ƙa'idar a gyaran 2020.

Sai ku ƙara sabon aikin a kai. Lissafin baki yana da sauƙi: kilomita ɗaya ta hanya, da mita 500 dama da hagu, hekta 100 ke nan. Hanya mai kilomita 50 cikin dajin da bai taɓu ba hekta 5,000 ce, ko da kamfani ya rubuta cewa hekta ɗari biyu kawai zai share. Amma in hanyar ta bi tsohon layi, ƙarin zai yi ƙasa da haka sosai, kuma dole ku faɗi hakan. Ku ba taswirar mako uku. Ku kai ta wurin wani malami ko ɗalibin digiri na biyu a sashen labarin ƙasa ya sake yin lissafin daga tushe ba tare da ya ga sakamakonku ba. In lambobin suka sha bamban da fiye da kashi ɗaya ko biyu, kada ku wallafa tukuna.

Wa ke riƙe da alƙalami

Wasiƙu da yawa suna tafiya Ottawa alhali izinin yana hannun lardi. Kariyar SARA ga dabbobin tudu tana aiki kai tsaye ne a filayen tarayya kawai, dazuzzukan karibu kuwa mafi yawansu na larduna ne. An ba lardunan shekara uku zuwa biyar su fitar da shirin kowane yanki, wa'adin ya cika a Oktoba 2017 ba su cika alkawari ba. Tarayya tana da sashe na 80 na dokar, na umarnin gaggawa. A 2024 ta buɗe tuntuɓa kan amfani da shi domin garkuna uku a Quebec: Val-d'Or, Charlevoix da Pipmuacan. Biyu na farko sun ragu har an killace su cikin shinge. Amma wannan mataki majalisar ministoci ce ke yanke shi, kuma ba ta cika yi ba. Kada ku jingina shekararku a kansa.

Manyan ayyuka suna bayyana a rajistar tantance tasiri ta tarayya, sauran a rajistar lardi. Kwanakin karɓar ra'ayi gajeru ne, sau da yawa 20 zuwa 30, kuma sukan faɗo lokacin jarrabawa ko hutun bazara. Mutum ɗaya ya ɗauki aikin duba rajistar kowace Litinin, ba shi da wani aiki sai wannan. Taswira ta kasance a shirye kafin a buɗe ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin ku fita fili, ku rubuta wa ofishin filaye na al'ummar 'yan asalin yankin. Su suke da haƙƙin da kundin tsarin mulki ya kare a sashe na 35, kuma dole gwamnati ta tuntuɓe su. Nasarar da ta fi fitowa fili ma daga hannunsu ta zo. Garken Klinse-Za da ke British Columbia ya ragu zuwa 38 a 2013. Al'ummomin West Moberly da Saulteau suka fara killace mata masu ciki lokacin haihuwa daga 2014, aka rage kyarketai, aka sa hannu a yarjejeniyar kare mazauni a 2020, garken ya haura 100. A 2021 kuma al'ummar Blueberry River ta yi nasara a kotu kan cewa taruwar ayyukan masana'antu ta tauye haƙƙinta na yarjejeniyar da ke tsakaninta da gwamnati. Ku tambaya me suke buƙata, kada ku sa sunansu a takarda ba da izininsu ba, kuma ku sani ba duka al'ummomi ne ke adawa da kowane aiki ba. Wasu suna cikin masu neman a yi hanyar. Batun kashe kyarkeci ma ku tattauna shi a cikin gida tun da wuri, domin yakan raba ƙungiya biyu. Alberta tana yi tun 2005, British Columbia tun 2015. Matsayin da ya fi tsayuwa shi ne cewa yana sayen lokaci ne kawai, in ana ci gaba da sare dajin babu ranar daina shi.

Takardar ra'ayinku kada ta wuce shafi huɗu da taswira ɗaya. Ku ambaci lambar shafin rahoton kamfani da kuke ƙalubalanta, ku ba da lambarku da yadda kuka same ta, ku ƙare da buƙatar da za a iya rubutawa cikin sharuɗɗan izini: a karkatar da hanya ta bi tsohon layi, a dakatar da aiki lokacin haihuwa, a toshe tsofaffin layuka a dasa su da faɗin da ya ninka wanda za a ɓata. Wasiƙa iri ɗaya da mutum ɗari biyar suka kwafa, jami'i zai ba ta amsa ɗaya. Takardu goma mabambanta, kowacce da tambayarta, sun fi ta nauyi.

Sauran hanyoyi ba su da tsada. Koke ga ofishin babban mai binciken kuɗi na tarayya kan muhalli kyauta ne, kowane mazaunin Kanada na iya yi, kuma dole minista ya amsa cikin kwana 120. Koken intanet ga majalisar wakilai yana buƙatar ɗan majalisa ya tsaya masa da sa hannu 500, gwamnati ta amsa cikin kwana 45. Neman takardun gwamnatin tarayya dala 5 ne, a rubuce kwana 30, a aikace yakan ɗauki watanni, don haka ku tura tun farkon zango. Jarida kuwa ku kai wa ta garin da ke kusa da dajin, da taswira a hannu, kuma ku shirya amsa tambayar ma'aikatan katako kan abincinsu ba tare da raini ba.

Wanda ke ƙasar da takardar izinin karatu kada ya shiga tare hanya ko layin dogo. Alberta tana da doka ta 2020 mai tsananta hukunci a kan haka, kuma hukuncin laifi na iya shafar zamansa. Tantance babban aiki yakan ɗauki shekaru, ya fi zaman yawancinku a makaranta, saboda haka fayilolin taswira da kalmomin sirri da jerin waɗanda kuka tuntuɓa su zauna a asusun ƙungiya, kuma tun zangon farko ku sa 'yan aji ɗaya biyu su koyi lissafin.