Yadda Ake Zuwa Hutu Tsibirin Zanzibar

Masu ta tambayata yadda ake zuwa Zanzibar, tsibirin da ke ƙasar Tanzaniya, ga shi nan:

1. Zaɓi lokaci tsakanin Yuni da Oktoba. Afrilu da Mayu ruwan sama ne kawai.
2. Nemi bizar Tanzaniya ta intanet. Hattara: mai fasfon Najeriya ba a ba shi a filin jirgi, kuma tana ɗaukar makonni. Kada ka sayi tikiti sai ta fito.
3. Nemo katin rigakafin cutar shawara.
4. Biya inshorar shiga tsibirin, dala 44.
5. Kama masauki a Nungwi, bakin teku a arewacin tsibirin, in wanka kake so. A Paje, can gabashin tsibirin, ruwa kan janye nesa, ka zauna kana kallon yashi.
6. Riƙe sababbin daloli. Tsofaffi ana ƙin karɓa.
7. Daga birnin Darussalam na Tanzaniya hau jirgin ruwa zuwa tsibirin, kusan awa 2.