Yadda Ake Sauya wa Shafin Intanet Gini Ba Tare da Ya Ɓace a Binciken Google Ba

Idan mai gina shafuka ya ce zai ɗauke shafin wani kamfani ko makaranta daga tsohon gininsa, misali WordPress, ya mayar da fuskarsa kan React ko Vue, kayan gina shafi da ke aiki da harshen kwamfuta na JavaScript, abin da mai shafin yake hange shi ne kyau da sauri. Shi kuwa Google ba ruwansa da kyau, domin abin da ya sani shi ne adireshi da rubutun da yake tararwa a cikinsa. Duk matsayin da shafi ya samu cikin shekaru a kan adireshi yake rataye, kamar yadda mai ciniki ya san rumfa da layinta a babbar kasuwar Sakkwato. Aikinka shi ne kowane tsohon adireshi ya ci gaba da amsawa bayan sauyin, kuma ya ba da abin da ya saba bayarwa.

Kafin ka taɓa komai, ka ajiye cikakken kwafin tsohon shafin, sannan ka tattara duk adireshinsa. Ka ɗauko su daga taswirar shafin, wato sitemap.xml, ka haɗa da waɗanda ke cikin Google Search Console, dandalin Google na masu shafuka, wanda yake ajiye bayanan bincike na wata 16. A gaban kowanne ka rubuta takensa da gajeren bayaninsa da yawan baƙin da yake kawowa. Sau da yawa za ka tarar wani tsohon rubutu da kowa ya manta da shi ne yake ɗauke da nauyin shafin.

Mafi alheri shi ne kada adireshi ko ɗaya ya sauya, amma a nan ne masu shafukan Hausa suke da tarko nasu na daban. Haruffa masu lanƙwasa ba sa shiga adireshi yadda ido yake ganinsu: ƙ tana komawa %C6%99, ɗ tana komawa %C9%97. Idan tsohon gini ya bar harafin a haka, sabon kuma ya mayar da shi k ko ya share shi gaba ɗaya, to rubutun mai sayar da kayan fata a kan ƙirgi ya koma wani adireshi dabam ba tare da kowa ya lura ba. Haka ma karan nan (/) da yake ƙarshen adireshi: WordPress ya saba sanya shi, Next.js kuwa, wanda aka gina a kan React, yana cire shi sai an umarce shi da ya bari, kuma a wurin Google adireshi biyu ne. Inda sauyi ya zama dole, ka sa saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta tura tsohon zuwa sabon da lamba 301, wadda take nufin ƙaura ta dindindin. Kowane shafi ya tafi wurin takwaransa kai tsaye, ba a bi da shi ta zango biyu ko uku ba, kuma kada ka kwashe su duka ka zuba a shafin farko, domin Google yakan ɗauki hakan tamkar shafukan sun mutu. Shawarar Google ita ce a bar turawar aƙalla shekara guda. Ni dai ban ga dalilin cire ta ba ko bayan nan.

Sai batun inda ake haɗa shafin. Ginin React tsantsa yana aiko wa burauza kwango ne kusan babu komai ciki, sai JavaScript ya cika shi daga baya. Tun 2019 Googlebot, manhajar Google mai karanta shafuka, yana amfani da sabon Chromium, injin burauzar Chrome, don haka yana iya karanta irin wannan, sai dai yakan sa shafin a layi kafin ya haɗa shi, kuma kuskure ɗaya a JavaScript ya isa ya bar shi da farin allo. Facebook da WhatsApp kuwa ba sa jiran JavaScript, shi ya sa mahaɗin da aka tura zaure yakan fito babu hoto babu take, alhali ta nan yawancin mutanenmu suke shigowa. Maganin shi ne a haɗa shafin tun daga saba ko a gina shi tun kafin a nema, abin da Next.js da Nuxt da Astro suke yi. Take da bayani da alamar canonical mai nuna ainihin adireshin shafi, da alamun Open Graph masu ba Facebook da WhatsApp take da hoto, duk su zo a cikin HTML na farko, wato rubutun shafin da saba ta fara aikowa, haka ma hreflang mai nuna harshen shafi idan shafin yana da Hausa da Turanci.

Mahaɗai su kasance na gaskiya masu href, wato alamar da ke ɗauke da adireshin da za a je, domin Googlebot ba ya danna maɓalli, kuma ba ya ɗaukar abin da ya biyo bayan alamar # a matsayin shafi dabam. Adireshin da babu shi ya amsa da 404, lambar da ke nufin babu shafin, ba 200 mai nufin yana nan ba.

Kurakurai biyu suna jira a ranar buɗewa. Na farko, shafin gwaji akan rufe shi daga Google da noindex ko da robots.txt, sai a manta a ɗora shi a haka, shafi ya fara zubewa daga bincike mai shi yana barci. Gara ka rufe na gwaji da kalmar sirri tun farko. Na biyu shi ne nauyi, domin sabon gini yakan zo da JavaScript mai yawa. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, amsa taɓawa kada ta wuce milisakan 200. Fasalin waya Google yake dubawa, saboda haka ka gwada da ƙaramar waya da datar layi, idan da hali a Boɗinga ko Illela, ba da kwamfutar ofis kawai ba.

Ka zaɓi lokacin da ciniki ya lafa. Mai sayar da takalma da jakunkuna kada ya yi ƙaura ana saura mako biyu Sallah, makaranta kuma kada ta yi lokacin sayar da fom. Kada ka haɗa sauyin gini da sauyin sunan yanki, wato domain, a rana ɗaya, domin idan baƙi suka ragu ba za ka san wanne ne sanadi ba. Da zarar ka buɗe, ka miƙa sabuwar taswira a Search Console, ka bi jerin nan da ka rubuta da farko ɗaya bayan ɗaya, ka kuma sa manyan shafukan a ma'aunin binciken adireshi na Search Console domin ka ga abin da Googlebot ya gani. Hawa da sauka na 'yan makonni ba abin tsoro ba ne, amma idan rahoton 404 yana ƙaruwa kullum, akwai adireshin da ya kuɓuce maka, kuma cikakken kwafin tsohon shafin da ka ajiye shi ne inda za ka nemo shi.