Yadda ake zaɓar hafsoshi da ƙarin makamai a wasan sojojin roba na tebur

Mu nan Jidda duk daren Alhamis bayan isha muke haɗuwa a istiraha, wato gidan shaƙatawa, mu baje tebur, kuma kusan duk wanda ya shigo sabo kuskure ɗaya yake yi, ya zuba makinsa, wato abinda kowa ke sayen sojoji dashi a wasan, kan manyan hafsoshi da bindigogi masu tsada sai a zo fili kaga ba shi da mutanen da zasu riƙe masa waje. Wasan da muke bugawa Bolt Action ne na kamfanin Warlord Games dake Notingham a Ingila, na yaƙin duniya na biyu, kuma lambobin da zan kawo na bugu na biyu ne wanda ya fito 2016. Na uku ya fito 2024 an canza wasu abubuwa, toh in shi kake bi sai ka duba naka.

Da farko kafin ka sayi kowa ka ƙirga dayis. Kowace ƙungiya tana baka dayis ɗaya a cikin jaka, ana zaro su ɗaya bayan ɗaya, wanda kalarsa ta fito shi ke motsawa. Yani mai dayis 12 ya fi mai 8 samun damar fara bugu. Yawanci maki 1000 ake yi, ni sai na ware sama da rabi na sojan ƙasa tukuna nake waiwayar sauran.

Na biyu laftana, shi dole ne, doka bata barinka ka fita ba shi da ƙungiya biyu ta sojan ƙasa. Ƙaramin laftana matsakaici a gwaninta maki 50, babba 75. Aikinsa ba harbi bane wallahi, wannan shine abinda mutane suka kasa ganewa. Duk sanda aka harbi ƙungiyarka aka samu, ana ajiye mata alamar firgici, in kazo bata umarni sai ka jefa dayis biyu masu lamba, ba na jaka ba, kada jimlar ta wuce ƙarfin gwiwarta bayan an cire alamomin. Sabon shiga 8 ne, matsakaici 9, tsohon hannu 10. Toh kaga matsakaici mai alama uku ya koma 6, nan ne ƙaramin laftana ke ƙara 1 babba ya ƙara 2 in suna cikin inci 6. Sannan in dayis ɗinsa ya fito yana iya jawo ƙungiya ɗaya ko biyu na kusa dashi su motsa tare, ba sai an jira jaka ba. In salonka na kai farmaki ne ka biya 75 ɗin, in kuma zaman kare gida kake ƙaramin ya isheka.

Ana yarda ka haɗa masa dogarai har biyu, kowanne maki 10. Ɗauki ɗaya kawai. Ƙungiyar da bata wuce mutum biyu ba ta fi wuyar samu da harbi, kana ƙara na uku ka zubar da wannan garaɓasar da kuɗinka.

Kyaftin kuwa 110, manjo 150, muryarsu na kaiwa inci 12. Ni dai a maki 1000 ban ga amfaninsu ba. Na taɓa ɗaukar kyaftin tsohon hannu, na kwana biyu ina masa fenti har da gashin baki, na tsayar dashi bakin taga a wani kango don a ganshi, zagaye na biyu maharbin ɓoye na wani abokinmu ɗan Makka ya ɗauke shi. Maki 125 sun tafi ko shayina bai huce ba, har yau in na shigo sai an ce ga mai kyaftin nan.

Na uku sauran mataimaka. Likita maki 23, in an kashe maka soja da ƙananan bindigogi cikin inci 6 dashi ka jefa dayis, in shida ta fito sojan ya tashi. Ɗaya cikin shida kenan, ba abin a dogara dashi bane, amma dayis ne mai araha a jaka shi yasa nake ɗaukarsa in maki ya rage. Mai hango wa igwa 100 ne kuma sau ɗaya yake kira a wasa, wani lokacin ma ruwan wutar kan naka yake sauka. Sai dai mai buga Birtaniya kyauta ake bashi, kuma yawancinmu ita muke bugawa saboda kakanni, runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma da suka je Boma akwai Hausawa da yawa a ciki, muna musu fenti da hular nan mai faɗin baki. Abin kyauta kam ba a ƙi.

Na huɗu ƙarin makamai, nan ne maki ke zurarewa kamar riyal a Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, daren sallah. Ɗauki mashingan ƙarama ta cikin ƙungiya, maki 20, harbi huɗu, tana kaiwa inci 36. Amma mai riƙe da ita ya ajiye bindigarsa, mai ɗura mata harsashi shima baya harbi, kenan harbi biyu kawai ka ƙaru dasu. Maki 20 ɗinnan in ka sayi soja biyu matsakaita harbi biyun ne dai, ga kuma jiki biyu da zasu sha harsashi. Abinda mashingan ta fi su shine nisa, tunda bindigar soja inci 24 take tsayawa. Toh ka bata ƙungiyar da zata zauna baya kan tudu ko saman bene, masu gudu gaba kuwa ba ruwansu da ita.

Su masu shiga gaba gajeriyar bindiga mai feshi ce tasu, maki 3, harbi biyu a inci 12, kuma tana taimakawa in an kai ga gaba da gaba. Saje dai a bashi. Gurnetin tanka maki 2 kan kowane mutum, ƙungiya ɗaya ko biyu sun isa, ba kowa ne zai tunkari tanka ba.

Na biyar, in ka gama rubuta jerin ka ɗauki biro ka bi shi layi layi, kowane ƙari ka faɗa da baki wa zai harba dashi kuma daga ina. Wanda ka tsaya kana eh toh ko da za a buƙata, goge shi ka mayar da makin soja. Sannan kada ka manna makami da gam sai ka buga jerin sau biyu ko uku, mu da murfin kwalbar ruwa muke gwadawa a rubuta sunan makamin a kai, domin akwatin nan kafin ya iso Jidda daga Ingila da kuɗin aike ba ƙaramin riyal yake ci ba, kuma hannun roba in ya kama da gam sai wuƙa.