Yadda Za Ka Riƙe Sana'ar Gina Shafukan Intanet Alhali Kayan Aikin Suna Ta Sauyawa

Wanda ya ƙware a Flash, manhajar sa bidiyo da hotuna masu motsi a shafukan intanet, a shekarun 2000 ya ci abinci da shi cikin rufin asiri, har zuwa ranar 31 ga Disambar 2020 da kamfanin Adobe ya daina kula da shi, burauzoji kuma suka toshe shi. AngularJS, kayan gina shafuka da Google ya fitar a 2010, ya yi tashe, aka sake rubuta shi daga tushe a 2016, tsohon kuma aka daina gyara shi a ƙarshen 2021. A Fabrairun 2025 masu kula da React, wani kayan gina shafukan, suka sanar cewa kada a ƙara fara sabon aiki da manhajarsu ta Create React App, ga shi kuwa bidiyoyin koyarwa da yawa a YouTube har yanzu da shi suke farawa. Irin wannan ne ke sa mai koyo ya riƙa tsalle daga wannan darasi zuwa wancan, shekara ta zagayo bai gama aiki ko ɗaya ba.

Sai dai ba komai ke sauyawa da gudu ɗaya ba. Shafin HTML da aka rubuta a ƙarshen shekarun 1990 har yau yana buɗewa. Harshen SQL na magana da rumbun bayanai tun shekarun 1970 yake, Git mai adana tarihin sauye-sauyen kod kuma tun 2005. Aikinka na farko shi ne ka san wane ilimi ne ke daɗewa, wane ne ke saurin tsufa, ka raba lokacinka a kan haka.

Raba abin koyo gida uku

Gida na farko shi ne tushe: HTML, CSS, JavaScript tsantsa, yadda burauza ke magana da saba (kwamfutar da shafi ke zaune a kanta) ta HTTP, SQL, Git da ƙa'idojin tsaro. Ana ƙara musu sababbin abubuwa, JavaScript ma kowace shekara tun 2015, amma da wuya a cire tsohon, domin masu burauza suna gudun karya shafukan da jama'a ke amfani da su. Gida na biyu shi ne manyan firemwok, wato shiryayyen tsarin da ake gina shafi a kansa, irin su React, Vue, Laravel da Django, har da WordPress. Waɗannan suna daɗewa, amma salon rubuta su yana juyawa. Wanda ya koyi React kafin 2019 ya ga yadda zuwan Hooks ya sauya kusan duk misalan da ya sani. Gida na uku shi ne ƙananan laburare (kod ɗin da wasu suka rubuta kake sa shi a aikinka), kayan harhaɗa aiki da kamfanonin masaukin shafi. Nan ne iska ta fi kaɗawa. Heroku ya rufe masaukinsa na kyauta a Nuwambar 2022, ayyukan ɗalibai masu yawa suka mutu.

A shekararka ta farko ka ba gida na farko kamar kashi 60 cikin 100 na lokacinka, na biyu kashi 30, na uku abin da ya saura. Na ukun nan ba a zama a karance shi. Idan aiki ya buƙace shi sai ka buɗe bayaninsa ka ɗauki abin da kake so.

Wanne kafin wanne

Fara da HTML da CSS har ka iya tsara shafi da Flexbox da Grid ba tare da kwafo ba, shafin kuma ya zauna daidai a waya mai faɗin fiksel 360. Daga nan sai JavaScript: yadda ake taɓa sassan shafi, yadda ake ɗauko bayani da fetch, da abin da async da await suke yi. Idan kana ba shi awa 2 kullum, ka sa ran wata 4 zuwa 6 kafin hannunka ya faɗa. Git kuwa tun makon farko za ka fara shi, ko da fayil ɗaya ne aikin. Darussan freeCodeCamp da The Odin Project kyauta ne, shafin MDN kuma shi ne wurin duba bayanin da za ka dogara da shi. In data da wuta suna ba ka wahala, DevDocs yana ba ka damar ajiye bayanan ka karanta ba intanet, pnpm kuma yana adana kowane laburare sau ɗaya a kwamfutarka maimakon sake sauke shi a kowane sabon aiki.

Kada ka taɓa firemwok kafin wannan. Dalili a fili yake: ranar da React ya nuna maka kuskure, sau da yawa matsalar ta JavaScript ce, wanda bai san JavaScript ba kuma ba zai ma gane abin da ake gaya masa ba.

Wurin zaɓen firemwok, bar sauraron musun da ake yi a X. Tara tallar neman ma'aikata 30 na irin aikin da kake so da wurin da kake so, na gida ne ko na nesa, ka ƙirga sunayen kayan da suka fi maimaituwa. Abin da ya fi yawa shi za ka ɗauka. Idan niyyarka yi wa makarantu, asibitoci da shagunan garinku aiki ne, kada ka raina WordPress da PHP. Sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kan WordPress suke, kuma kwastoma bai damu da sunan kayan aikinka ba. Ka ɗauki ɗaya ka tsaya a kansa aƙalla shekara guda. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ayyukan da za ka nuna

Mai ɗaukar aiki ya ga manhajar jerin ayyuka da ta duba yanayi har ya gaji. Ayyuka 2 ko 3 sun isa, muddin suna kan intanet, suna da rumbun bayanai, ana iya yin rajista a shiga, kuma akwai fayil ɗin README mai bayanin yadda ake tayar da su. Mafi alheri a ce wani mutum na gaske yana amfani da ɗaya daga ciki, ko da shafin duba sakamakon jarabawa ne na wata Islamiyya, domin a nan ne za ka gamu da matsalolin da darasi ba ya koyarwa.

Ga uku daga cikinsu. Na farko haruffanmu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ. Idan rumbun MySQL yana kan tsarin haruffa na latin1, harafin Ɗ na sunan Ɗanlami zai koma alamar tambaya. Sanya UTF-8 a kan shafin, utf8mb4 kuma a rumbun da kuma a haɗin da ke tsakaninsu, sannan ka tabbatar salon rubutun da ka zaɓa yana da haruffan, in ba haka ba za su fito daban da sauran.

Na biyu karɓar kuɗi. Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, da kobo yake lissafi, don haka naira 5,000 za ka aika ta a matsayin 500000. Wanda ya manta sai ya caji mutum naira 50. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne yarda da saƙon “an biya” da ya fito daga burauza, domin kowa na iya ƙirƙirar sa. Dole sabarka ta tambayi Paystack da kanta, ta duba cewa adadin ya yi daidai, kafin a saki kaya. Mabuɗin sirri kuma ba ya shiga ɓangaren da burauza ke gani, ba ya shiga GitHub. Ka ajiye shi a fayil ɗin .env, ka sa sunan fayil ɗin a .gitignore. In ya riga ya shiga, goge shi bai wadatar ba, saboda yana nan a tarihin Git. Soke shi za ka yi ka fitar da sabo.

Na uku nauyin shafi. Kwamfutarka da intanet ɗin ofis suna ɓoye maka gaskiya. Buɗe DevTools na Chrome, ka rage gudun intanet zuwa 3G, ka gudanar da Lighthouse mai auna saurin shafi. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Yawanci hotuna ne ke jawo jinkiri: hoton waya mai megabait 4 ka rage faɗinsa, ka mayar da shi WebP, na ƙasan shafi kuma ka sa musu loading="lazy".

Tsarin bibiya

Bibiyar labarai ba ita ce koyo ba, kuma tana cin lokaci fiye da yadda ake zato. Awa 1 a mako ta isa. Zaɓi wasiƙar labarai ɗaya ta mako-mako kamar JavaScript Weekly, da shafin sanarwar firemwok ɗinka. Duk abin da ka gani, yi masa tambaya uku: wace matsalata zai warware? Wa ke kula da shi, kuma yaushe aka gyara shi na ƙarshe? In na so fita daga cikinsa gobe, nawa zan sake rubutawa? Wanda ya kasa amsa ta farko, rubuta sunansa a gefe ka wuce. Idan bayan wata 6 har yanzu ana maganarsa, ya kuma fara fitowa a tallar aiki, sai ka ware masa ƙarshen mako ka gina ƙaramin abu da shi.

Sabon abu na CSS ko JavaScript kuwa, duba caniuse ko alamar Baseline a MDN kafin ka sa shi a aikin kwastoma. Abin da ya kai wata 30 yana aiki a duk manyan burauzoji shi ake ɗauka ya wadatu ko'ina. Wannan ya shafe mu sosai, domin wayoyi masu tsohuwar burauza suna da yawa a hannun jama'a.

Sabunta tsohon aiki

Nan ne ake gane wanda ya iya sana'ar. Lambar siga kamar 4.2.1 kashi uku ce: ta ƙarshe gyaran kuskure, ta tsakiya ƙarin abu, ta farko kuma sauyin da zai iya karya aikinka. Sau ɗaya a wata ka buɗe sabon reshe a Git, ka gudanar da umarnin npm outdated da npm audit (npm shi ne inda ake sauke laburaren JavaScript). Sabunta ƙananan tare, ka gwada. Manyan kuwa ɗaya bayan ɗaya, bayan ka karanta bayanin ƙaura da masu laburaren suka rubuta, kowanne ka ajiye shi daban a Git. Idan ka sabunta guda 20 lokaci ɗaya shafin ya mutu, ba za ka san wanne ya kashe shi ba. Ka guji npm audit fix --force in ba ka duba abin da zai taɓa ba, domin yana tsallaka manyan sigogi. Fayil ɗin package-lock.json kuma ya shiga Git, a saba ka yi amfani da npm ci, don abin da ka gwada ya zama shi ne aka ɗora.

Rubuta ranakun da kayanka za su daina samun gyaran tsaro. Sigogin Node.js (mai gudanar da JavaScript a saba) masu alamar LTS, wato masu dogon wa'adi, suna samun kulawa kusan wata 30. Node 18 ya ƙare a Afrilun 2025, PHP 7.4 a Nuwambar 2022, Vue 2 a ƙarshen 2023. Shafin da aka bari shekara 3 ba a taɓa ba, sabunta shi kan zama kamar sake gina shi. A WordPress ka ɗauki kwafin fayiloli da na rumbun bayanai, ka gwada sabuntawar a shafin gwaji tukuna.

Rage yawan laburare ma kariya ce. A Maris ɗin 2016 wani ya cire ɗan ƙaramin laburarensa mai suna left-pad, layuka 11 kacal, daga npm, manyan ayyuka da yawa suka kasa haɗuwa. Abin da za ka iya rubutawa da layuka 10, rubuta shi da kanka.

Aiki da ƙirƙirarriyar basira

Tun fitowar ChatGPT a Nuwambar 2022, ƙananan ayyukan da ake ba sabon shiga sun zama masu sauƙin samarwa, don haka abin da ake biya yanzu ya fi karkata ga iya karanta kod, gano kuskure da fahimtar buƙatar mai aiki. Yi amfani da waɗannan manhajoji, amma da sharaɗi: kada ka karɓi layin da ba za ka iya bayyana abin da yake yi ba. Sukan kawo tsohon salo, sukan ambaci laburaren da babu shi, miyagu kuma na iya yin rajistar sunan su cusa cuta a ciki, don haka duba kowane suna a npm kafin ka sauke. Duba ko bayanin mai amfani yana shiga tambayar SQL kai tsaye ba tare da kariya ba. Kada ka liƙa musu mabuɗin sirri ko bayanan mutane. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai sarrafa bayanan jama'a. A watannin koyo na farko, fara gwada warware matsala da kanka na minti 30 kafin ka tambaya.

Idan aikin kanka kake yi, sa kula da shafi cikin yarjejeniya tun farko, a rubuce: me za a gina, sau nawa za a yi gyara, rabin kuɗi kafin a fara, da kuɗin wata ko na shekara na sabuntawa da ajiye kwafi. Sunan shafi a yi rajistarsa da sunan kwastoma da imel ɗinsa, kai kuma ka sa ranar ƙarewarsa a kalandarka da tunatarwa wata 1 kafin lokaci. Takardar tsaro ta HTTPS gajeren wa'adi gare ta, don haka ka saita ta ta riƙa sabunta kanta, sannan ka gwada da certbot renew --dry-run ka ga cewa tsarin yana aiki kafin ka miƙa shafin.