Ƙarin gefen kunne: kurakuran da ke hana a gano asalin ciwon

Jama'a akwai wani kumburi da ke fitowa gaban kunne ko ƙarƙashin muƙamuƙi, ba zafi ba zazzaɓi, yana girma a hankali wata da watanni, mu kuma nan take sai mu ce hangum ne. Hangum kwanaki yake yi ya sace. Wanda ya zauna ya ƙi tafiya sau da yawa ƙari ne a wurin da jiki ke haɗa yawu. Yawancin na gaban kunne ba kansa ba ne alhamdulillahi, amma ba a ganewa da ido, kuma dan Allah kar a kai wa wanzami ya yi sakiya, jijiyar da ke motsa fuska ta cikin wurin ta ratsa, in aka taɓa ta baki ya karkace ido ya daina rufuwa. A je wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro, a nan Kaduna akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa, ga asibitin Barau Dikko, ga asibitin Shika a Zariya. Galibi da siririyar allura ake fara zuƙo samfuri a duba.

Amma kuskuren da ya fi ci min rai bayan tiyata ake yin sa. An ciro ƙarin, dangi su ce a ba su su binne, ko a sa a leda a jefa firiza, ko kuɗin lab ya yi musu yawa su ce ai an riga an cire shi ke nan. Wallahi wannan ɗan naman shi ne komai. Cikin fomalin, wato ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, ake saka shi da wuri, daga nan a daskarar da shi cikin kaki ya zama ɗan bulok, a yanka a duba a madubin likita. Akwai kuma gwajin ƙwayoyin halitta da ake yi wa ƙarin, shi ma a kan wannan bulok ɗin ake yi, kuma yana shekaru bai lalace ba, don haka in za a tura wani lab a ciki ko wajen ƙasa shi za a nema. A ajiye takardar sakamako da lambar da ke kai, a tambayi inda bulok ɗin yake.

Wasu kuma da sun ji gwajin ƙwayoyin halitta sai su ɗauka irin na AA da AS ne da ake yi kafin aure, har su fara tsoron yaransu za su gada. A'a. Canjin cikin ƙarin kawai yake, ba a haifi mutum da shi ba.

To me ya sa ake yin sa? Saboda ƙarin wurin haɗa yawu nau'insa da yawa kuma suna kama da juna sosai a madubi. Akwai wanda sai 2010 aka bayyana shi a matsayin ciwo mai zaman kansa, yana ɗauke da haɗuwar ƙwayoyin halitta biyu masu suna ETV6 da NTRK3, da can ana sa shi cikin wani nau'in daban, yanzu kuwa in ya yaɗu akwai maganin sha da ke kamo shi, larotrectinib, wanda Amurka ta amince da shi a 2018. Wani nau'in mai tsanani ana duba masa wata alama mai suna HER2, in akwai sai a yi amfani da maganin trastuzumab irin na kansar mama. Canjin ƙwayoyin halitta na MAML2 ko MYB kuma suna taimakawa a tabbatar da sunan ciwon.

Sai dai kar a sayar da fili kan gwajin da likita bai nema ba, ba kowa ke buƙatarsa ba, kuma bai maye gurbin tiyata ba, ita ce dai babban magani, wani lokacin a haɗa da gashin na'ura (radiotherapy). Tambayar da za a yi wa likita ita ce: in aka yi gwajin nan zai canza maganin da za a ba ni?

Sannan kar a daina zuwa asibiti wai don an ga ciwon ya warke. Mai alamar MYB ɗin nan jijiya yake bi, yana iya dawowa ko ya ɓulla a huhu bayan shekara goma ko fiye.