Kai ango Galway: kurakuran da abokan ango suka fi tafkawa

A Ingila da Ireland, idan biki ya rage 'yan makonni, abokan ango kan ɗauke shi su tafi wani gari daga Juma'a zuwa Lahadi, a yi bankwana da samartaka. 'Yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a can sun shiga wannan al'ada, wani lokaci a matsayin waɗanda aka gayyata, wani lokaci kuma su ne masu shiryawa. Galway, da ke bakin teku a yammacin Ireland, yana cikin garuruwan da aka fi zuwa. Nauyin shirin kan faɗa kan babban abokin ango, kuma da shi nake magana. Yawancin tafiyar da ta lalace, tun a rukunin WhatsApp ta lalace, kafin kowa ya ɗaure jaka.

Kuskure mafi tsada shi ne ɗauka cewa Ireland da Birtaniya abu ɗaya ne a wajen biza. Jamhuriyar Ireland ƙasa ce mai cin gashin kanta, da kuɗinta yuro, da dokar shige da ficenta. Yarjejeniyar da ta ba mutane damar kai da komo tsakanin ƙasashen biyu ta 'yan Birtaniya da 'yan Ireland ce kaɗai. Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar ko Ghana, ko da ya shekara goma a Manchester da takardar zama, sai ya nemi bizar Ireland. Wanda ke Jamus ko Faransa ma galibi haka ne, domin Ireland ba ta cikin yankin Schengen, inda biza ɗaya ke shigar da mutum ƙasashen Turai da yawa. Sai ka ji wani a rukuni ya kawo dabara: a sauka Belfast, da ke Ireland ta Arewa a ƙarƙashin Birtaniya, a hau bas a gangara kudu, ai babu shinge a kan iyaka. Gaskiya ne babu shinge, amma doka tana nan daram, kuma 'yan sandan Garda kan tare bas su duba takardu. Wanda aka kama, tabon zai bi shi duk inda ya sake neman biza, saboda hutun kwana biyu.

Gyaran ba wuya. Kafin a yi maganar otal, ka tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya wane fasfo ke hannunsa. Bizar gajeren zama ana cike ta a intanet, kuɗinta yuro 60 na shiga sau ɗaya, kuma a ware mata aƙalla mako takwas. Kada mai jiran biza ya sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa. Idan rabin jama'a ba za su samu a kan lokaci ba, a koma Belfast a yi abin a can, tunda ita Birtaniya ce, fam ake kashewa. Sauya gari ya fi barin aminin ango a baya.

Daga biza sai rana. Mutane kan zaɓi ƙarshen makon da ya yi wa kowa daidai, ba su duba abin da ke gudana a garin ba. Galway ƙaramin gari ne, kuma a watan Yuli ba ya ɗaukar ƙarin baƙi: ana bikin fasaha na mako biyu, yana ƙarewa a shiga tseren dawaki na Ballybrit, kwana bakwai, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta. A wannan makon ɗakin kwana sai mai rabo, farashin kuma ba a magana. Haka 17 ga Maris, ranar Saint Patrick, da ƙarshen makon da Litinin ɗinsa hutu ce, kamar Litinin ta farko a Mayu da Yuni da Agusta, da ta ƙarshe a Oktoba. A duba kalandar Musulunci ma, kada a wayi gari an biya kuɗi a cikin azumi ko a makon Sallah. Kuma kar a matsa tafiyar jikin biki. A bar wata guda a tsakani, don ango yana da nasa kashe-kashen kuɗin, kuma idan ya gurɗe ƙafa a kan keke ya samu lokacin warkewa.

Maganar kuɗi ita ce inda zumunci ke tsami. Babban aboki, don kunya, sai ya biya masauki da katinsa, ya ce a tura masa daga baya. Mutum goma sha huɗu suka ce suna zuwa, ranar tafiya tara suka bayyana, ragowar gibin yana wuyansa. A wannan harka "in sha Allahu ina ciki" ba ta kama gado. Ka faɗi jimillar abin da kowa zai kashe tun ranar farko, har da kason ango idan za a ɗauke masa, ka sa ranar biyan kafin alƙalami, ka sanar cewa wanda ya biya ne kaɗai ke cikin lissafi, wanda ya fasa kuma ba a mayar masa. Za a ce ka cika tsauri. Gara a faɗa yanzu da a daina gaisawa bayan biki. A auna farashin da aljihun wanda ya fi kowa ƙaramin ƙarfi a cikin aminan ango na gaske, domin ɗalibi da likita ba za su iya kashe abu ɗaya ba, ɗalibin kuma ba zai faɗa ba, zamewa kawai zai yi.

Akwai wata magana da ake kauce mata har sai an isa, alhali ita ce ke raba rukuni biyu. Shirye-shiryen da kamfanoni ke tallatawa a intanet don irin wannan tafiya kusan duk a kan yawon mashaya aka gina su. Idan ango ba ya sha, yawancin abokansa ma haka, kwafo wannan tsari ɓata kuɗi ne, kuma sa mutane ne cikin abin da ba su so. Idan kuma rukunin gauraye ne, akwai abokan aikinsa Turawa, to a yi maganar a fili tun da wuri: asusun haɗaka na masauki ne da abinci da mota da wasanni, abin sha kowa da aljihunsa. A Ireland akwai al'adar zagaye, mutum ɗaya ya saya wa kowa, na gaba ya karɓa, har a zagayo. Wanda ba ya son kuɗinsa ya shiga nan ya faɗa tun kafin a zauna, ba wanda zai riƙe shi a rai. Ni a ganina ma'aunin ɗaya ne, wato abin da ango zai ji daɗinsa, kuma ba zai ji kunya ba idan hoton ya kai hannun surukansa. Sa shi kayan ban dariya a zagaya da shi titi, ko ɗaure shi a jikin fitila, ba kowane ango ke ɗauka da wasa ba. Ka tambaye shi iyakarsa.

Daren Galway ma ba a mashaya kaɗai yake ba. Daga Shop Street zuwa Quay Street har Spanish Arch makaɗan titi ne a jere, ba ka biyan komai sai abin da ka jefa musu. Sai dai a kula da lokacin abinci. Yawancin gidajen abinci suna rufe kicin wajen ƙarfe tara zuwa goma na dare, kuma mutum goma sha biyu ba sa samun teburi ranar Asabar ba tare da sun kama wuri tun makonni ba.

Abincin kansa yana da tarko. Karin kumallon da otal ke alfahari da shi yana ɗauke da naman alade iri-iri, har da wani baƙin curi da ake yi da jini. Wannan kowa na iya ganewa. Waɗanda ke ɓuya su ne ƙullun da ake soya kifi da shi, wanda wasu ke kwaɓawa da giya, da farfesun naman sa da ake zuba wa Guinness, da miyar kifi mai madara da wani lokaci ake sa wa gutsattsarin alade. Tambaya ɗaya ga mai kawo abinci ta wadatar, kuma sun saba da ita. Garin na masunta ne, kifi ba ya yankewa. Kilishi kuwa a bar shi a gida, don an hana shigo da nama cikin Tarayyar Turai daga waje, kuma tun 2021 Birtaniya ma waje ce.

Masauki: kada ka ɓoye cewa ku maza ne zalla masu rakiyar ango. Otal da gidajen haya da yawa ba sa karɓar irin wannan rukuni, saboda abin da suka gani a baya, kuma suna iya mayar da ku daga bakin ƙofa. Airbnb, manhajar hayar gidaje ta intanet, ta haramta shagali a gidajenta gaba ɗaya tun 2022. Ka rubuta musu adadinku, ka ce ba masu hayaniya ba ne idan haka ne, ka karɓi amsa a rubuce. Gida mai araha a bayan gari yakan cinye rarar a kuɗin tasi, ga wahalar samun motoci uku da tsakar dare. Kusa da Eyre Square, dandalin tsakiyar gari, ko Salthill, unguwar bakin teku, ya fi, inda ƙafa za ta kai ku ko'ina. Masu shisha su sani cewa tun 2004 aka hana shan taba a cikin wuraren jama'a masu rufi, shan giya a titi ma dokar gari ta hana.

Wasu sai sun zo sayen tikiti suke gane cewa jirgin fasinja ba ya sauka Galway. Ko dai Dublin, ko Shannon, ko Knock. Daga filin jirgin Dublin akwai bas kai tsaye, awa biyu da rabi zuwa uku. Jirgin ƙasa kuma daga tashar Heuston yake tashi, a cikin birnin Dublin, ya sauke ku a bakin Eyre Square. Wanda ya sauka da rana yana son Juma'a, akwai masallaci a South Circular Road, ba nisa da Heuston. Kowa ya sayi tikitin jirginsa da kansa. Idan mutum ɗaya ya saya wa kowa, sai ya rubuta Muhammad inda fasfo ya ce Mohammed, ko ya manta sunan tsakiya, gyaran kuma na iya cin kuɗi. Hayar babbar mota ma ba lallai ba ce: tuƙin hannun hagu ne, hanyoyin karkara ƙanana, kuma motar da ta wuce kujera tara tana buƙatar lasisi na daban.

Sai kuma kwaɗayin ganin komai. Asabar ɗaya ce tak, amma za ka ga jadawali da duwatsun Moher da safe, tsibirin Aran da rana, tseren ƙananan motoci da yamma. Ba zai yiwu ba. Moher tana gundumar Clare, kusan awa ɗaya da rabi a mota, tsayinta ya kai mita 214 a kan teku. Inis Mór, babban tsibirin Aran, galibi akan yi kusan awa ɗaya a mota zuwa tashar jirgin ruwa ta Rossaveel, sannan minti arba'in a jirgin ruwa. Kowanne yini guda yake ci. Da ni za a tambaya, tsibirin zan zaɓa wa abokan ango: a yi hayar kekuna, a taka har tsohuwar ganuwar Dún Aonghasa, a yi ta tsiya da dariya a hanya, abin da aka zo yi ke nan. Sai dai bakin dutsen can babu shinge, ƙasa kuma teku ce, saboda haka ba wurin ture-ture ba ne. Jirgin dawowa na ƙarshe ba ya jiran kowa. Masu amai a ruwa su sha magani tun a bas.

Kowane shiri na waje ya zama yana da madadi a cikin rufi, don ruwan sama a Galway ba shi da damina ko rani, kuma iska kan hana jirgin ruwa tashi. Rigar ruwa ta fi lema amfani, iskar teku karya lema take yi. Idan an yi sa'a akwai wasan hurling, wasan gargajiyar Ireland na sanda da ƙwallo, a filin Pearse da ke Salthill, a je a kalla ko ba a san dokarsa ba. Lokacin salla ma a duba shi: a Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, a Disamba kuwa kafin huɗu da rabi an yi magariba, wanda ke nufin yinin yawo gajere ne.

Lahadi ita ce ranar da ba a shirya wa. Ana sayen jirgin sassafe don araha, a manta cewa tsakanin gado da filin jirgin Dublin akwai awa uku a bas, da awa biyu na bincike, ga mutum goma da kowa sai an buga masa ƙofa. A ɗauki jirgin yamma. Da safe a taka bakin tekun Salthill har Blackrock, masu ƙarfin hali su faɗa ruwan sanyi, a ci abinci tare, a raba lissafin da ya rage kafin a watse. Tikitin bas na komawa a saye shi tun ranar da aka sayi na zuwa, domin yammacin Lahadi motocin Dublin cika suke yi.